Maganin Gaba Tsakanin Miji da Mata: Waƙa da Sharhinta

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya aure sutura ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa maza da mata, dalilin wannan waƙa wani al'amari ne da ya auku a nan Damagaram. Wata rana bayan sallar asuba, ban ko gama lazimi ba, sai ga wani daga cikin 'yan'uwanmu na zawiya ya zo ya durƙusa gabana, idonsa ja wur, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na yi ɓarna." Na ce, "Ɗana, wace iri?" Ya ce daren jiya ya saki uwar 'ya'yansa, saki uku a kalma ɗaya, ga shi kuwa yana sonta, ita ma tana sonsa. Na tambaye shi ko sun saba yin faɗa. Ya ce wallahi ko kusa, hasali ma wata biyu ke nan ba su yi wa juna magana ba. Wannan amsa tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ambaci sunansa ba, ku ma kada ku bincika.

Na fara waƙa da sunan Rabbana,
Shi ne ya ƙagi harshe don magana.

Tsira da aminci su tabbata ga Ɗaha,
Da alaye, sahabbai, dare har rana.

Ya 'yan'uwa ku matso ku ji gargaɗi,
Kan saɓanin aure, ku riƙe, ku tuna.

Harshe da haƙori cikin baki ɗaya,
Sukan saɓa, amma a nan suke kwana.

Ba faɗa ke rushe ɗakin aure ba,
Gaba ce gara, ta ci, ba ta nuna.

Sharhi: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, saɓani tsakanin miji da mata ba abin mamaki ba ne, mutum biyu ne kowa da irin tarbiyyar gidansu. Abin tsoro shi ne abin da muke kira gaba, watau mutum ya ɗaure fuska ya yanke magana, ya shiga ba sallama ya fita ba sai an jima, ya ajiye kuɗin cefane a kan tabarma kamar mai ba da sadaka a bakin masallaci. Na kamanta ta da gara domin mai azara a ɗakinsa ya san aikinta: daga waje itace lafiya lau, sai ranar da ruwan sama ya yi nauyi ɗaki ya rufto. Mu kuwa mun ɗauki gaba a matsayin haƙuri da dattaku. Sai ka ji ana yabon mutum ana cewa wane ba a taɓa jin muryarsa a gida ba. To, a tambayi matarsa ko ita ta taɓa ji.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Abu Ayyuba Al'ansari, cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Ya kuma kawo cewa ranar Litinin da Alhamis ana gafarta wa bayi masu tauhidi, sai dai mutum biyu da ke gaba da juna, su ana jinkirta musu har sai sun shirya. Shin matarka ba 'yar'uwarka ba ce a Musulunci? Ita ma ta fi kowa cancanta, domin tana da haƙƙin Musulunci da na maƙwabtaka da na aure, sau da yawa a wurinmu har da na zumunta. Yaya mutum zai zauna a da'irar wazifa yana neman gafara, alhali ya baro wadda aka jinkirta gafararsa saboda ita?

Malaman mazhabarmu ba su ɗauki wannan da wasa ba. Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar cewa mace tana da ikon neman rabuwa saboda cutarwa, masu sharhinsa kuwa da suka zo bayanin cutarwa sun lissafa yanke mata magana da juya mata baya a shimfiɗa ba da dalili na shari'a ba, tare da zagi da duka.

Ni kaina ban tsira ba. Ina saurayin malami, sabon aure, na yi baƙi aka makara da tuwo, na ji kunya, na ɗauki gaba. A kwana na tara ina karatu gaban malamina, Allah ya jiƙansa, muka iso babin ƙauracewa a Muwaɗɗa. Na karanta, na fassara, ina jin daɗin fassarata. Bai ɗaga kai ba, sai ya ce, "Kai kuma yau kwana nawa?" Har yau ban san wanda ya gaya masa ba. Ya rufe littafin ya ce karatun yau a gida za a ƙarasa shi. Da na koma na yi sallama na tambayi dalilin makara, ashe icen da na sayo ɗanye ne.

Gidan Fiyayye an yi fushi an shirya,
Kai wane ne da ba a mayar ma magana?

Ya san fushin A'isha daga rantsuwarta,
Ta ƙaurace wa suna, ba ta bar ƙauna.

Sharhi: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Abbas labarin da Sayyidina Umar ya ba shi da bakinsa. Ya ce su Ƙuraishawa a Makka sun saba rinjayar matansu, da suka zo Madina suka tarar matan Ansar su ke rinjayar mazansu, sai matan Ƙuraishawa suka fara koyo. Wata rana ya yi wa matarsa faɗa sai ta mayar masa da magana, abin ya yi masa ciwo. Sai ta ce masa me zai ƙi a ciki, alhali matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna mayar masa da magana, wata ma takan yini tana fushi da shi har dare. Umar ya tashi ya tafi wurin 'yarsa Hafsa ya tambaye ta, ta ce haka ne. Ya yi mata gargaɗi mai tsanani, wannan gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Amma da ya ba Annabi wannan labari daga baya, murmushi Annabi ya yi. To, ka duba: gidan da Jibrilu ke sauka, mace tana da bakin faɗin abin da ke ranta. Kai kuma da ka ce a gidanka ba mai tari, a wurin wa ka koyo?

Baiti na biyu yana nuni ga abin da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labari, cewa Annabi ya gaya mata yana gane lokacin da take murna da shi da lokacin da take fushi. Ta tambaye shi ta yaya. Ya ce in tana murna takan rantse da Ubangijin Muhammadu, in tana fushi takan rantse da Ubangijin Ibrahimu. Ta amsa cewa haka ne, amma sunan kaɗai take ƙaurace wa. A nan akwai fa'ida ga miji da fa'ida ga mata. Ta miji ita ce lura. Mutumin da al'umma duka ke wuyansa ya sami sukunin lura da canjin kalma ɗaya a bakin iyalinsa, sa'an nan ya zaɓi lokacin nishaɗi ya faɗa mata cikin raha. Mu kuwa mace sai ta rame ta yi baƙi ba mu gani ba. Ta mata ita ce iyakance fushi: ta sa masa shinge, bai taɓa girmansa ba, bai taɓa abincinsa ba, bai kai kunnen maƙwabta ba.

Idan ka ce, ai Annabi da kansa ya ƙaurace wa matansa wata guda, sai mu ce gaskiya ne, amma dubi yadda ya yi. Ya bayyana abin da ya yi a fili, ya yanka masa ajali, ya koma wani ɗaki na bisa ya kwanta a kan tabarmar da ta yi masa shaida a jiki, watau bai tafi wurin jin daɗi ya bar su cikin wahala ba. Da kwana 29 suka cika ya sauko ya fara da ɗakin A'isha. Ta ce masa ai wata ya rantse, ita kuwa tana ƙirga, 29 ne, ya ce mata wata yakan zama 29. Sa'an nan ya karanta mata ayoyin zaɓi da ke cikin Suratul Ahzab, ya ce ta yi shawara da iyayenta kada ta yi gaggawa. Ƙauracewar da aka san dalilinta, aka san ranar ƙarewarta, ta ƙare da zama da magana, ina haɗinta da taka wadda matarka ba ta ma san laifinta ba? Ko wanda ya rantse ba zai kusanci matarsa ba, Alƙur'ani a Suratul Baƙara bai ba shi fiye da wata huɗu ba, daga nan ko ya koma ko ya sallame ta.

In zuciya ta tashi riƙe harshenka,
In kana tsaye maza nemi wurin zamna.

Kalmar saki ba sanda ce ta kiwo ba,
Kibiya ce, in ta tashi ba mai hana.

Sharhi: Kada wani ya fahimci cewa da na zargi gaba ina nufin a yi magana ko da wane hali. Akwai shiru na sa'a guda, wannan magani ne, shi ne na mai fushi har ya huce. Hadisi ya zo a Abu Dawuda cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, wani kuma ya zo da yin alwala. Anas ya ruwaito cewa wata rana Annabi yana ɗakin ɗaya daga matansa, sai wata daga cikinsu ta aiko da akushin abinci, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aike akushi ya faɗi ya fashe, ga baƙi zaune. Annabi ya sunkuya ya tattara gutsattsarin da abincin, ya gaya wa baƙin cewa kishi ne ya motsa wa uwarsu, ya ɗauki lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa ya aika wa mai shi. Bai ci mutuncinta gaban mutane ba, bai kuma bar haƙƙin 'yar'uwarta ya salwanta ba. Da a gidan ɗayanmu ne, da takarda ta riga akushi isa ƙasa.

Yanzu bari in koma ga ɗan'uwanmu na asuba. Da na bi diddigin zancen, ga asalinsa. Ɗansu ya kwanta ciwo yana kasuwar ƙauye, matar ta sayar da akuyarta ta kai yaro likita, ta ji nauyin gaya masa don kada ya ga kamar gori take yi masa na rashi. Shi kuwa a bakin mahauta ya ji cewa matarsa ta sayar da akuya, sai Shaiɗan ya raya masa cewa tana tona masa asiri a gari, ko kuwa tana tara wa gidansu. Bai tambaya ba, ya ɗauki gaba. Ita ta ga ya ɗaure fuska, ta zaci aure zai ƙara. Wata biyu kowa na gina zato a kan zato. Ran nan ta ajiye masa ruwa da ɗan ƙarfi, kwanon ya yi ƙara, ya buɗe baki, abin da aka tara wata biyu ya fito a kalma ɗaya. Akuyar kuwa duka-duka kuɗinta bai kai abin da ya kashe a goron ɗaurin aurensu ba.

Ya ce mini, "Malam, cikin fushi na yi, a duba mini." Na ce, "Ɗana, ka san abin da ka faɗa lokacin da ka faɗa?" Ya ce ya sani. Na ce to wa ya taɓa yin saki yana dariya? Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu shekara ta 386 ta Hijira, ya faɗa a Risala cewa saki uku a kalma ɗaya bidi'a ne, amma in ya auku ya lizimci mai shi. A kan haka mazhabobi huɗu suke. Na san akwai malaman da suka ce ɗaya ne, mu dai ba a kan haka muka sami shehunanmu ba, ba kuwa zan halatta masa abin da nake ganin haramun ne don tausayi. Ya ce ko a nemi wanda zai yi auren kisan wuta. Na ce wannan an la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, kuma a mazhabar Malik ba ya halatta ta gare shi. Ya yi kuka, ni ma na yi.

Dubi rahamar da ya tsallake. Sakin sunna ɗaya ne, cikin tsarkin da bai kusance ta ba, sa'an nan ta yi iddarta a ɗakinta, kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umurni kada a fitar da ita, ita ma kada ta fita. Duk wannan jinkiri an sa shi ne domin mutum biyu su sami kwanaki a gida ɗaya ko Allah ya sa ɗaya ya yi wa ɗaya magana. Mu kuwa kafin tawada ta bushe an ɗaure kwanuka an kira ɗan amalanke.

Ke kuma 'yar'uwa ki bar habaici,
Faɗi abin da ke ranki, ki kama suna.

Kada ɗanku ya zam manzo tsakaninku,
Yaro ba jakada ba ne, ku zo ku gana.

Sharhi: Wannan naku ne, ya iyayenmu mata. Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana ki ce wa maigida "Malam, abu kaza ya ɓata mini rai", sa'an nan ta bar ki kina zagin kaza a tsakar gida don ya ji, ko kina waƙar habaici a bakin turmi, wannan gugar zana ce. Namiji in ya ji habaici ya san da shi ake, amma bai san kan zancen ba, sai ya cika da haushi ba tare da ya gyara kome ba. Haula 'yar Sa'alaba, da mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, watau ya kamanta ta da mahaifiyarsa, ta tafi gaban Annabi ta faɗi kukanta ɗaya bayan ɗaya, tana maimaitawa, har Allah ya saukar da sura ta 58, aka sa mata suna Mujadala saboda jayayyar wannan mace. Aurenta kuwa ya tsira da kaffara. Haka nan yaji: tafiya gida ba ta gaya wa miji laifinsa, sai dai ta ƙara masa wahalar biko da jin kunyar surukai.

Amma kada maza su yi murna. Mace ba za ta faɗi magana ba sai ta san in ta faɗa ba za a ci mata mutunci ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu wannan a 1754, ya zargi malaman zamaninsa a Nurul Albab da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da 'ya'yan wasu. Wanda bai zauna ya karantar da matarsa ba, yaushe zai zauna ya saurare ta?

Zancen yaro kuwa a fili yake. "Je ka ce wa uwarka", "je ka ce wa ubanka", alhali tsakaninsu taku biyar. Yaro yana ɗauke da saƙon yana koyon yadda zai yi da tasa matar.

In ya fi ƙarfinku ku nemo dangi,
Ɗaya nata, ɗaya naka, adilai masana.

Sharhi: Wannan shi ne hukuncin aya ta 35 a Suratun Nisa'i: in an ji tsoron ɓaraka a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Malamanmu sun sharɗanta su zama adilai masu hankali, masu sanin abin da aka tayar da su dominsa. Kowanne ya keɓe da nasa ya ji abin da ke ransa, sa'an nan su haɗu. A wurin Malik hukuncinsu yana zartuwa, in sun ga gyara su gyara, in sun ga ba hali su raba da saki ɗaya ba ƙari. Ka lura ba a ce a tara unguwa ba, ba a ce a kai wa abokan majalisa ko ƙawayen biki ba.

Wanda aka kira sulhu kuma ya koyi aikin daga Annabi. Ya je gidan Nana Faɗima bai tarar da Sayyidina Aliyu ba, ya tambaye ta ina ɗan baffanta. Dubi kalmar da ya zaɓa, ya tuna mata da zumunta kafin ta buɗe baki. Ta ce wani abu ya shiga tsakaninsu ya yi fushi ya fita. Aka same shi kwance a masallaci, mayafinsa ya zame, ƙasa ta taɓa jikinsa. Annabi ya je da kansa yana kakkaɓe masa ƙasar yana kiransa Abu Turab, watau mai ƙasa, yana ce masa ya tashi. Surukin ne ya tafi biko, bai kuwa tambayi mai laifi ba. Aliyu ya zama ba sunan da ya fi so a kira shi da shi kamar wannan.

Kira gida ka ji muryar mai ɗakinka,
Kai mai biɗa, a Libiya kake ko Gana.

Sharhi: 'Ya'yanmu da yawa suna biɗa a ƙasashen nesa. A da sai an sami matafiyi a ba shi wasiƙa, yau ga salula a aljihun kowa, uzuri ya yanke. Amma sai ka ga mutum ya aiko da jaka goma ta hannun ƙanensa, ya yi hira da abokai har dare, matarsa kuwa sai dai ta ji labari. In an kai masa tsegumi daga gida, kafin ya ji ta bakinta ya turo saki a saƙon murya. Ka ji ta bakinta tukuna, kuma ka bari har gari ya waye.

Shi kuwa ɗan'uwanmu, matar ta gama idda, bayan shekara wani ya aure ta ya tafi da ita wani gari, aure na gaskiya, har ta haihu a can. Yaron da aka sayar da akuya dominsa ya warke, yana hannun kakarsa. Uban yana nan yana zuwa wazifa, yana zama a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Shi ne ya roƙe ni in rubuta wannan, ya ce in bar sunansa kaɗai.

Tammat, na gode Allah Mai kowa,
Ka gafarta mini, da iyaye da malamaina.

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.